Zaren Kaset a Gonar Kawu Maikano

"Luƙman, ni kake so ko kaset ɗin Baba?"

Ya yi dariya yana tada moto, babur ɗinsa. "Haba sheri, masoyiyata! Shatu ce ta hura miki kunne ko?"

Shatu ce, maƙwabciyarmu da ta daɗe tana sonsa. Ni dai na gaji da ƙaryata ta.

Luƙman mai tara tsofaffin finafinai ne, irin waɗanda jarumi ke dirowa daga saman jirgin ƙasa da jikinsa, babu dabarar kwamfuta. Ɗakinsa a Dogon Dutsi har ya cika. Guda ɗaya ya rasa, kuma marigayi Baba, da ya taɓa riƙe gidan kallo, yana da shi. Duk hirarmu a nan take ƙarewa.

Yaya Munkaila ya rantse ba zai ba ɗan kallo ƙanwarsa ba, ya ce kaset-kaset ɗin ma wuta zai sa musu. Shi ya sa Inna ta zuba su a buhu, ta aika da su garin Ɗan Kassari wurin Kawu Maikano.

Can muka nufa, yashi na ta kayar da mu.

A gona muka iske Kawu, hatsi ya fara ƙosawa.

"Kaset? Ai sun yi mani rana, ɗiyata! Duba can."

Baƙin zare ne ke walƙiya daga kara zuwa kara, har ƙarshen gona. Kawu ya farke su duka, ya ɗaure don korar tsuntsaye.

"Innalillahi...! Kawu, mi ka yi? Ko a Yamai ba a samun shi!" in ji Luƙman.

Luƙman ya faɗa gonar, yana kwance zaren yana naɗewa a hannu, yana karya zangarniya.

"Kai yaro, hatsina!"

"Luƙman..." na kira shi. "Jiri nike ji. Zo mu tahi."

"Dakata, Mas'uda! Wataƙila wurin dirowar bai lalace ba!"

Ina sonsa, wallahi. Saboda shi muka daina gaisawa da yayana. Amma a wannan rana ko kuka ban iya ba, gajiya kawai nake ji.

Kawu ya dube ni da tausayi. "Shi ne mai zuwa neman aurenki wurina?"

"A'a, Kawu. Baƙo ne."

Amalanken jaki ya zo wucewa, na roƙi mai shi, na hau.

Har muka sha kwana Luƙman bai ɗago kai ba.