Saƙon da Ba Ya Shiga Akwati

Kullum da magariba kwamfutar matarsa sai ta yi ƙarar shigowar saƙo, amma in an buɗe imel sai a ga wayam.

"Maigida, duba mini mana," in ji ta, ta fita alwala.

Ya zauna a teburinta yana bincike, sai ga wata ƙa'ida da ke karkatar da saƙonnin mutum guda zuwa ɓoyayyiyar folda. Duk maganarsu ɗaya: "Kin yi kyau yau."

Kishi ya turnuƙe shi. Ya goge ƙa'idar, ya rubuta, "Kai wane ne? Matar aure ce!"

Ɗakin ya ɗauki sanyi. Ƙarar ta sake tashi, amsa ta shigo.

"Na riga ka saninta, Malam. Ɗage ƙafarka, ka taka ni."