Gurbin Layin Baya

Rana ta faɗi, duhu ya fara taruwa a tsakar gida, amma Mai Zane ba ta tashi daga gaban allonta ba. Haka kowa ke kiranta, har mijinta in yana jin tsokana. Wata makarantar firamare ce ta gayyace ta ta yi zango guda a can, ita da 'yan aji huɗu su zana hoton ajinsu a bangon makarantar. Saura kwana biyar ta fara, shi ya sa take gwaji a ƙaton allon katako da ta jingina a ɗaki, tana kwaikwayon hoton da shugaban makarantar ya ba ta.

A hoton, yara sun cika benci har suna matse juna, amma a layin baya, daf da taga, akwai gurbi ɗaya da ba kowa. Idon mai zane kuwa ba ya ƙaunar gurbi, sai ya yi ta ci mata rai. Ta kira Auta, 'yarta mai shekara tara, ta zaunar da ita a kujera, ta zana fuskarta a wurin. Zanen ya yi kyau ƙwarai.

Tana wanke burushi dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Mijin ya leƙa waje yana faɗa, wai 'ya'yan maƙwabta ne. Jifa na biyu a tsakiyar ɗaki ya sauka, ƙofa a rufe, taga a rufe. Ya duƙa ya ɗauka, sai ya ga guntun alli ne. Bai sake ambaton maƙwabta ba.

Washegari da magariba aka fara jin muryoyi ƙasa-ƙasa daga wajen allon. Wata murya tana kiran sunaye kamar a aji, wasu suna amsawa. Ita da mijin suka tsaya a bakin ƙofa, ba mai iya ɗaga ƙafa. A rana ta uku muryar ta kira sunan Auta na yanka, yarinyar kuma ta amsa daga tsakar gida: "Ina nan."

Ta shiga ɗakin ta zauna a lungu daf da taga, ta harɗe hannuwa, ta miƙe baya. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, ko ƙifta ido da ƙyar take yi. Ubanta, ƙato da shi, ya yi ƙoƙarin ɗaga ta ya kasa.

Magariba ta huɗu ya kawo wani tsohon malami mai tafiya a hankali. Malam ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, ɗakin na ƙara sanyi, kafin bakin Auta ya buɗe da muryar wata babbar mace.

"Ya isa haka, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Uwa ce, kamar waccan."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Wurin ɗana ta zauna. Shekara da shekaru yana zuwa jin karatu, bai taɓa cutar da kowa ba. Yaran ajin sun sani, ba mai zama masa a wuri. Waccan ta sa hannu ta cusa tata. Ya dawo mini yana kuka, an kore shi. To, tunda an ba ta wurin, ta zauna. Ba tashi."

Mai Zane ta zube a ƙasa. "Wallahi ban sani ba. Gurbi kawai na gani."

"Ku ai duk abin da ba ku gani ba, babu shi. Ba ni hannun da ya zana, in sake ta."

Mai Zane ta miƙa hannun nan take. Malam ya buge shi gefe. "Ba hannu, ba jini. Kuskure ne, kuma za a gyara. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku."

Can muryar ta ce, "Ta goge fuskar. A bangon makaranta ta bar wurin. Kuma kada ta sake zana yarinyar nan, a bango ko a takarda. Ranar da ta yi, zan ɗauka an dawo mini da ita."

Mai Zane ta tsoma burushi a farin fenti. Ta shafe goshin, ta shafe kumatun, tana kuka, sannan ta shafe idanun. Auta ta sulale ƙasa, ta yi dogon numfashi, ta ce ƙishirwa take ji.

Mai Zane ta je makarantar, ta yi zangonta, ta bar gurbin. Shugaban makarantar ya tambayi dalili. A cikin yaran kuwa ba wanda ya tambaya.

Ranar da aka gama, Auta ta zo kallo. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ta juyo idonta cike da hawaye.

"Mama, kin zana 'ya'yan kowa. Ni ba ni da kyau ne?"

Uwar ta sa hannunta na dama a bayanta, ta damƙe shi da na hagu.

"Na gaji ne, Auta," ta ce. "Wata rana."