Gefen Fizar Don Aniello

Ranar da Fortuna ta fara shiga sabon gidan fizar da aka buɗe a bayan layinsu, sai da ta wuce ƙofar sau uku kafin ta iya sa ƙafa. Ita fa 'yar Don Aniello ce, wanda ya shekara arba'in yana gasa fiza, faffaɗan burodin nan da ake shafa wa tumatir, a unguwar Sanita ta birnin Napoli. A ce an gan ta tana cin ta wani tanderun, ai ta gama kunyata gidansu.

Ta samu lungu ta zauna, ta ba taga baya. Saurayin da ke gaban wuta ya taso da kansa, fulawa har a girarsa.

"Me za a kawo wa baƙuwarmu?"

"Duk wadda ta fi saurin gasuwa."

"'Yan sanda ne suka biyo ki?"

"Da su ne ai da sauƙi. Babana nake tsoro."

Ya yi murmushi, ita kuma ta sunkuyar da kai. Saverio ne sunansa, shi ne mai shagon. Ta ci tana waige-waige, amma ta cinye tas. Bayan kwana biyu ta koma, ta sake komawa, har suka karɓi lambar juna. Wani dare ya turo mata saƙo, ta mayar masa.

"Barkonona, yau na ƙona fiza biyu. Idona na kan ƙofa, ba ki shigo ba."

"Ka daina ƙona abincin mutane, rabin raina. Baba yana gida, ko numfashi da ƙyar nake yi."

Ba maƙwabta ne suka tona ta ba. Wata rana ta zo wucewa ta gefen mahaifinta, sai ya kama bakin gyalenta ya shinshina.

"Wannan hayaƙin ba na itacena ba ne."

Fortuna ta faɗa masa komai.

"Yaron da ya kunna wuta a bayan shagona bai zo ya gaishe ni ba? Shi ne kike so?"

Mahaifiyarta, Donna Assunta, ta yi kwana huɗu tana lallashi kafin ya ce zai je ya ɗanɗana. Idan hannun yaron ya yi, a yi magana. Idan bai yi ba, kada ya ƙara jin sunansa.

Ran Litinin da rana, ranar da yake rufe nasa shagon, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci ya tafi. Rabin layin suka bi shi, kowa na cewa yunwa ce ta kawo shi. Ya ce a kawo masa marinara, wadda ba ta da komai sai tumatir da tafarnuwa da mai, inda mai gashi ba shi da wurin ɓuya. Fortuna tana kallon Saverio yana shimfiɗa kwaɓin.

Tsohon ya ɗaga fizar ya duba ƙasanta. Ya ci tsakiya a hankali. Sannan ya goge baki ya miƙe, ya bar gefen a faranti, zagaye guda, ko gutsura bai yi ba.

Kowa a Napoli ya san wanda ya bar gefe ya ce kwaɓin bai yi ba ke nan. Balle a ce Don Aniello ne ya bari.

Kafin sati ya zagayo, kujerun Saverio sun zama wayam. Saƙonsa ya shigo:

"Barkonona, babanki ya yanke hukunci, kuma shi ya san aikin. Ƙarshen wata zan kashe wutar in koma wurin yayana a Jamus. Ki yafe mini."

Fortuna ta kai wa mahaifiyarta wayar tana kuka. Donna Assunta ta karanta, ta ajiye ludayi, ta nufi mijinta.

"Aniello, ko ka faɗa musu ko ni in faɗa."

"Assu, ki rufa mini asiri."

"Shekara biyu ina rufawa. Yanzu 'yarka ce za ta biya?"

Ya daɗe yana kallon Fortuna. Can ya ɗauki hularsa. Ta bi shi a baya, ba ta san ko faɗa zai je yi ba.

Ya tsaya a ƙofar shagon Saverio, ya jira sai da mata suka leƙo ta baranda. Sannan ya sa yatsu a baki, ya zaro haƙoran roba, sama da ƙasa, ya ɗaga su kowa ya gani.

"Shekarata biyu ban tauna gefen fiza ba, ko tawa," ya ce, maganar na fita a lauye. "Kunya ta hana ni faɗa. Ba kwaɓinka ba ne, yaro, bakina ne. Kwaɓinka ya yi. Gishiri ne ya ɗan yi yawa."

"Zan rage, Don Anie," in ji Saverio, idonsa ya ciko.

"Kuma ka zo ka gaishe ni kamar ɗan mutane."

Wata tsohuwa daga sama ta ce, "Mai da haƙoranka, Aniello, kana tsorata jikokina." Layin ya kwashe da dariya, har da shi.

An ɗaura auren a watan Mayu, a cocin unguwa. Da suka fito ana watsa musu shinkafa, Don Aniello ya kama hannun Saverio ya ɗora a kan na 'yarsa.

"Ga ta nan. Matsoraciya ce, kada ka taɓa ɗaga mata murya. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka."

"Amin, Baba," in ji Saverio.

Fortuna ta ƙara damƙe hannun mijinta.