Bindigogin Tsohon Soja

Rana ba ta gama ɗagawa ba aka kira Sufeto Torunn Haugseth: bindiga ta fashe a hannun Eilif Nystuen, a ranar farko ta farautar manyan bareyi.

Ta iske gawar a gindin bishiya, mafarauta sun yi cirko-cirko. Torunn ba matsoraciya ba ce, amma da ta ga fuskar mamacin sai da ta kau da kai.

Ta ɗaga bindigar. Irin wadda sojojin Jamus suka bari ce bayan yaƙin duniya na biyu, katakonta ya yi baƙi don tsufa. Bututun kuwa sabo fil, babu ko tambarin da ke nuna girman harsashi.

Maƙerin bindiga na garin ya leƙa bututun, ya girgiza kai.

"Wannan ya fi na asali matsewa. Tsohon harsashi zai shiga, amma ba zai fita ba. Ni ban yi wannan aikin ba, Sufeto. Ba a canza bututu sai da izininku, kuma dole a buga masa tambari."

A gidan mamacin, matarsa Gunvor tana kuka ta ce, "Ta surukina ce, tsohon soja. Guda biyu ya bari a bukkar farauta, da akwatin harsashinsu. Eilif bai taɓa canza musu ko ƙusa ba."

"Ina ɗayar?"

"Jiya ya ara wa Ragna, 'yar ƙaninsa Oddvar. Tana kwarin gabas da nata ayarin, can ko waya ba ta shiga."

Nan take Torunn ta hango haɗarin. Idan an taɓa ta biyun ma, yarinyar nan ajalinta take saɓe da shi a kafaɗa.

Torunn ta iske Oddvar a garejinsa. An ƙwace masa lasisin bindiga bara saboda giya, duk gari an sani. A gindin injin gyaran ƙarfensa ga ɓarɓashin ƙarfe nan yana ƙyalli.

"Gatarin ƙafar tarakta nake gyarawa," ya ce. "Ni da bindiga ai ko a mafarki."

"Kana da mabuɗin bukkar?"

"Ya ɓata tuni."

"To, madalla. Kenan wadda ke hannun Ragna lafiyarta lau."

Oddvar ya dafa bango. "Wace Ragna?"

"'Yarka. Yayanka ya ba ta jiya, har da tsofaffin harsasan."

"Wayyo ni! Duka biyun na canza musu bututu! Tsofaffin bututun sun cinye, na so in riƙa farauta a ɓoye. Idan na faɗa wa Eilif, ƙarata zai kai."

Torunn ta fizgo oba-obar mafarauta daga mota, ta miƙa wa Oddvar. Suka yi kira, shiru. Suka sake. Can murya ta fito ƙasa-ƙasa.

"Baba, yi shiru mana, ga barewa nan gabana."

"Ragna, ajiye bindigar nan! Kar ki taɓa kunamar!"

Ba abin da ake ji sai shuuu. Torunn ta rintse ido, tana jiran ƙara.

"Na ajiye. Ka kore min nama. Wai me ya faru?"

Oddvar ya miƙa wa Torunn oba-obar, sannan ya miƙa hannayensa biyu, ta sa masa ankwa.