Ƙwaya Ɗaya Ta Ɓace a Aljihun Kafinta

"Innalillahi..."

Auta ta saki rigar mijinta cikin ruwan wanki. Fakitin magani ta zaro daga aljihu, mai gurbi huɗu. Uku na nan, ɗaya babu.

Shekararta shida tana aiki a kantin magani, ko ido a rufe ta san wannan. Maganin ƙarfin maza ne, irin wanda ba ta miƙa wa kowa sai da takardar likita. Shi kuwa mijin nata, Kafinta, ciwon zuciya gare shi, kullum da 'yar kwalbar ƙwayar da yake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe shi. Su biyun in suka haɗu a jiki, ƙarfin bugun jini faɗuwa yake yi ƙasa warwas, wani ma daga nan sai gawa.

Ta kira wayarsa. Sau uku ba a ɗauka ba.

Takalmi ma wari-wari ta sa, ta fita da gudu.

Tsoro ya cika ta, haushi ya fi shi. Wata biyar kenan yana juya mata baya a gado, ya ce gajiya. Ita da ta yi dambe da Ummanta kafin ta aure shi, ana ce mata ya girme ta, ga ciwo! Ashe wannan ne yake ci masa rai shi kaɗai.

Ta same shi a shagonsa, zaune kan bencin da bai gama gogewa ba. Ya yi aski, ya sha turare, ya rufe taga zai taho gida da rana tsaka. Amma gumi ya jiƙa shi, hannu ɗaya dafe da ƙirji, ɗayan yana kokawar buɗe 'yar kwalbar.

"Kar ka sha!"

Ta doke kwalbar, ta gangara cikin dusar katako.

"Auta... ƙirjina..."

"Yaushe ka sha ta aljihun rigarka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Don girman Allah, Yayana, ba lokacin kunya ba ne! Yaushe?"

"Da safe na ɓallo ta na taho da ita. Bai kai awa da na sha ba."

Ta kwantar da shi, ta ƙwala wa maƙwabcinsa mai walda kira ya kawo mota. Tun daga ƙofar asibiti take maimaita wa ma'aikata abin da ya sha da lokacin, kada wani ya ba shi na ƙarƙashin harshen.

Bayan awa biyu likita ta fito.

"Ya tsallake, kin yi dabara. Matsalar tasa kuma ana maganinta, amma sai mun auna zuciya da sukari, mu ga abin da ya dace da shi. Ba a sayen wannan a hannun kowa."

Auta ta shiga, ta tsaya a kansa, idonta jawur.

"Wa ya ba ka?"

"Mai aski."

"Mai aski! Wanda na ƙi kafin kai? Ya san ciwonka sarai! Ka wuce kantinmu da ƙafarka, ka je wurin mai aski?"

"Da wane ido zan kalle ki in faɗa?" Ya kawar da kai. "Na ce in wannan ma bai yi ba, in sawwaƙe miki. Kina da ƙuruciya, Auta."

"Ka sawwaƙe min? Wa ya ce maka na gaji?" Kuka ya ƙwace mata. "Wata biyar ina zaton ka daina sona ne. Wallahi wannan ya fi min sauƙi sau dubu!"

Ya kamo yatsunta da hannun da aka sa wa ƙarin ruwa.

"Ki yafe min, zuciyata... Jibi likita ta ce in dawo. Tambayoyin nan, ni kaɗai bakina ba zai buɗe ba. Za ki shiga da ni?"

Ta goge hanci da bakin mayafi, ta ja kujera ta zauna daf da shi.

"Gwada hana ni ka gani."