Mai Kallon Taga

A kwamfuta ta ƙarshe, kusa da taga, ya fara ganinta. Zamanin da ba kowa ke da intanet a waya ba ne, sai an bi layi a ɗakin karatu, tsohuwar fanka tana kuka a sama. Shi ke kula da kwamfutocin, ita kuma tana karatun ungozoma.

"Malam, injinka ya raina ni," ta ce tana hararar allon. "Duk shafin haihuwa da na taɓa, sai ya ce wai an toshe."

Ya yi dariya. An sa wa kwamfutocin manhajar tace shafuka saboda yara, amma ba ta da wayo ko kaɗan, ba ta bambance batsa da darasin asibiti. Dokar wurin ta ce shi zai buɗe da lambar sirri, kuma ya tsaya har a rufe shafin. Sai ya buɗe, ya tsaya, ya juya fuskarsa ga taga don kada ta ji kunya.

Haka suka saba. Bawan Allah sai da ya haddace duk tsatsar jikin tagar nan kafin ya iya neman lambarta.

"Ungozomata, yau taga ta yi kewarki," ya rubuta mata.

"Tagar kaɗai, Mai Makulli?"

"Har da mai kallonta."

Ana cikin haka, wani mai shagon waya da ta taɓa ƙi ya leƙo, ya hango hoton da ke allon, ga kuma namiji a gefenta. Kafin yamma magana ta isa gida a karkace. Babanta, tsohon direba da ya rene ta shi kaɗai, ya ce ba ita ba ɗakin karatu, ba ita ba yaron nan. Ga jarrabawa ta matso.

"Ka haƙura da ni," ta turo. "Baba ya ce kai ka ɓata ni."

Hankalinsa ya tashi matuƙa. "Don Allah ki roƙe shi ya zo ya gani da idonsa."

Baba ya zo da fushinsa, tana biye da shi. "Kai ne ko? Nuna mini abin da kake nuna wa 'yata."

"To, Baba. Bismillah, zauna." Ya buɗe shafin da take karantawa, ya juya ga taga kamar kullum.

Darasi ne kan zubar jini bayan haihuwa, abin da ya ɗauke mahaifiyarta ranar da aka haife ta. Ta durƙusa ta bayyana wa Baba a hankali.

"Ashe ana tsayar da shi?" Baba ya tambaya.

"Ana tsayarwa, Baba. Shi nake koyo."

Saurayin ya ji kukan dattijon a bayansa. Bai waiwaya ba.

Can Baba ya share fuska ya ce, "Juyo, ɗana. Ka turo manyanka."

Ta ci jarrabawarta, aka ɗaura aure. Baba ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri kamar yadda ka rufa mana."

Yau an kwashe kwamfutocin nan, fankar ma ta yi shiru, amma har yanzu yana tuna ranar da aka kawo amaryarsa ɗakinsa. Kunya ta kama shi, ya je ya tsaya jikin taga.

"Mai Makulli," ta ce tana dariya, "yau babu doka. Juyo ka kalle ni."