Bazawara Mai Totur a Tsakiya

Ƙarar ta taso ne daga bayan shinge, Sixten na tsakiyar cin dankali da kifin gwangwani. Ba tari ba ce, ba kuka ba. Kai ka ce tsohuwar saniya aka danne ana goge mata haƙora da zarto. Ƙurrr — gaƙ! Shiru. Ƙurrr — gaƙ!

Ya ajiye cokali. Shekara hamsin ya yi yana kanikanci a wannan ƙauye na bakin tafki, kuma kowa ya san ko an ɗaure masa ido, mota ta wuce zai faɗi shekarar da aka ƙera ta da ciwon da ke damunta. Wannan kam ba sai ya yi tunani ba. Bazawara ce. Maƙwabcinsa Hjalmar ne ke kokawa da giyarta.

Bazawara mota ce ƙirar 1929, koriya, buɗaɗɗiya, fitilunta biyu kamar faranti, kujerunta na fata suna ƙanshin taba da tsohon ruwan sama. Maza uku suka mallake ta, duk ta binne su, ita ko tsatsa babu, shi ya sa sunan ya bi ta. Na ƙarshensu likitan ƙauye ne, kuma shekara talatin da ɗaya Sixten ne ke duba masa ita. Ya san ba ta son iskar gabas. Ya san in za a yi ruwa tana yin wani ɗan fito a hancinta tun da safe. Da likita ya mutu 'ya'yansa suka kai ta gwanjo. Sixten ya ɗaga hannu sau biyu, sannan ya mayar da shi aljihu. Hjalmar ya saye ta, mai cire haƙori da ya yi ritaya daga birni, mutumin da bai san sifana ba bai san fulogi ba.

Sau uku Hjalmar na zuwa da burodin kirfa a leda yana ƙwanƙwasa masa ƙofa. Sau uku Sixten na laɓewa bayan labule har ya gaji ya tafi.

Ƙurrr — gaƙ!

"Kashe ta za ka yi, ɗan banza," in ji Sixten, shi kaɗai. Ya ture farantin, ya jawo waya, ya kira Melker.

Melker ɗan ƙanwarsa ne, watan jiya ya fito daga gidan yari, kuma tun fitowarsa yake zagaye kawun nasa da maganar sace motar. Washegari da rana ya iso rumfar jiragen ruwa tare da wani dogo mai taunar cingam, wai shi Jocke, direbansu.

"To Kawu, ka sauko ke nan?"

"Ban sauko ba. Ceto ta zan yi."

Jocke ya leƙa ta ramin katako, ya hango ta a farfajiyar Hjalmar, ya kwashe da dariya. "Baaba, wai a kan wannan akwalar ake ta wannan zumuɗi? Ai kakata ta fi ta gudu."

"Kakarka ta fi ka hankali dai. Ka sake ce mata akwala, ka ga."

"Ku bari," in ji Melker. "Ga harkar. Asabar ce ranar taron tsofaffin motoci a filin coci. Duk ƙauyen na can, har kwalawa, 'yan sanda, na can suna cin tsiren alade. Mai haƙori shi ne kullum na ƙarshe, don ba ta tashi a hannunsa. Mu afka masa a gida. Mu bi hanyar tafki, mu haye gadar katako, babbar mota na jiranmu a tsohon wurin fasa dutse. Minti goma, mun ware."

"Wa zai saye ta?"

"Wani dattijo a ƙetare. Garejinsa har da na'urar ɗumama ɗaki, Kawu. Ta fi ka jin daɗi."

Sixten ya ga garejin a ransa, mai ɗumi, mai tagogi, babu mai cire haƙori a ciki.

"Sharaɗi biyu," ya ce. "Ba bindiga. Kuma ni zan tuƙa."

"Haba tsoho, ni ne direba," in ji Jocke.

"Kai direban motocin roba ne. Saurara. Duk motar da ka taɓa hawa, totur na dama, birki na tsakiya. Ita wannan ba haka take ba. Kuloci a hagu, totur a tsakiya, birki a dama. Haka ake yinsu a zamaninta. Ƙafarka ba ta san wannan ba."

"Baaba, na tuƙa motar da ba ta da birki gaba ɗaya."

"Kai za ka tuƙa, Kawu," in ji Melker, yana taka ƙafar Jocke a ƙasa. "Magana ta ƙare."

Asabar ta zo da rana tas. Tun ƙarfe tara motoci ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, maza da hulunan fata, mata da ɗankwali a ɗaure a haɓa, kowa na busa hon. Ƙarfe goma ƙauye ya zama wayam.

A farfajiyar Hjalmar, matarsa Gunvor na jera filas ɗin kofi a kwando. Shi kuwa yana duƙe a hancin motar, riƙe da lanƙwasasshen ƙarfen da ake zurawa a murɗa injin, gumi har cikin ido.

"Ka je ka sake gwada ƙofarsa mana," ta ce.

"Na je sau uku, Gunvor."

"To ka je na huɗu. Ƙofa ce, ba ta cizo."

Ƙofar shinge ta buge — bam!

Mutum uku, fuska a rufe da hular sanyi. Na gaba, Melker, riƙe da bindiga.

"Ƙasa! Ku kwanta!"

Kwando ya faɗi. Filas ya tarwatse. Hjalmar ya miƙe da ƙarfen a hannu, bai ma san yana riƙe da shi ba.

"Don Allah, ku ɗauki komai, amma ita —"

Ƙwas! Gindin bindiga a goshi. Ya zube. Gunvor ta ƙwalla ihu, ta ruga cikin gida, ta danna sakata.

"Na ce ba bindiga!" Sixten ya faɗa ta cikin hula.

"Rufe baki! Tayar da ita!"

Sixten ya ɗauki ƙarfen daga ciyawa. Ya zagaya ya buɗe famfon mai. Ya ja ɗan ƙarfen da ke kan sitiyari baya. Ya dawo, ya kama mariƙin, babban yatsa a kwance tare da 'yan uwansa, don in ta yi harbi kada ta karya shi. Ya shafa lagiretonta sau biyu, kamar yadda ake shafa wuyan doki. Ja ɗaya zuwa sama.

Ta tashi. Wata murya mai kauri, a hankali, kamar babban mutum na gyaran murya a coci.

Daga ƙasa Hjalmar ya buɗe ido ɗaya, jini na bin girarsa. Hannun ya kalla, ba fuskar ba.

Sixten ya zagayo zai hau. Jocke na zaune a bayan sitiyari, yana taunar cingam.

"Tashi daga nan."

"Shiga gefe, Kawu," in ji Melker daga kujerar baya, bakin bindiga a kan cinyarsa. "Gudu muke so, ba yawon amarci ba. Shiga!"

Ya shiga.

"Tsakiya totur," ya ce a hankali. "Dama birki."

"Na ji, na ji!"

Ƙurrr — gaƙ! Suka fita da tsalle.

A filin coci, Sufeto Ylva ta kai tsire baki ke nan wayarta ta yi ƙara. Gunvor ce, magana na haɗuwa da kuka. Ylva ta saurara, ta jefar da tsiren. Kafin ta ce komai sai ta ga filin ya yi tsit. Tsofaffi sun bar motocinsu, sun juya kunne wajen tafki. Ta kan ruwa ƙarar ke zuwa.

"Bazawara ce," in ji wani mai gashin baki.

"Wane azzalumi ne a kanta? Ko mai haƙori bai kai haka ba."

"Hanyar tafki suka bi," in ji Ylva ga abokin aikinta. "Gada za su. Mu yanke ta bayan makaranta. Taka!"

Jiniya ta ɗauka.

Hanyar tafki doguwa ce, bishiyoyi hagu da dama. Iska na dukan fuska. Jocke ya samu giya ta uku da ƙyar, sai ga shi yana murmushi.

"Kai! Ashe tsohuwar na da wuta! Baaba, ta fara sona fa!"

Sixten ya kalli hannuwan nan a kan sitiyarin katako, sitiyarin da shi ya shafe da man goge katako har ya yi santsi. Farce duk baƙi. Zobe na ƙwanƙwasa itacen. Shekara talatin da ɗaya yana kwanciya a ƙarƙashinta, bai taɓa tuƙa ta fiye da daga gareji zuwa ƙofar likita ba. Kuma abin da ya fi ci masa rai, gaskiya yaron ya faɗa. Tana gudu. Tana yi wa wannan ɗan iskan waƙar da ba ta taɓa yi masa ba.

A baya Melker na ihu a waya, iska na kwaso maganar tana kawowa gaba.

"Minti huɗu! A kunna injin yanka! Eh, a nan take — fitilu daban, injin daban, sitiyari daban. Gangar jikin a tura rami!"

Sixten ya juya. "Dattijon fa? Garejin mai ɗumi?"

"Haba Kawu. Wa zai sayi motar da kowa a ƙasar nan ya san fuskarta? A yanke ta fi tsada. Juya gaba!"

Ya juya gaba.

Hanyar ta fara gangara. Ƙasa can ga kwana, bayan kwana ga gadar katako. Shuɗiyar fitila na walƙiya ta tsakanin bishiyoyi. Motar 'yan sanda ta gicciye a bakin gada.

"Kwalawa!" Melker ya daka tsawa. "Tsaya! Juya! Juya!"

Sixten ya sunkuyar da kai ya kalli ƙafar Jocke. Ya ga ta ɗaga. Ya san inda za ta. Ƙafa ba ta jin magana, abin da ta saba take yi. Kalma ɗaya ce a bakinsa: dama. Makunnin wuta ma ga shi nan a gabansa, ɗan yatsa ɗaya ya isa ya kashe injin. Akwai fili. Za ta tsaya lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Su tsaya, a kama su. A wanke ta. Kafin yamma a mayar wa Hjalmar. Gobe kuma, da jibi, da duk ranar da ta rage, ƙarar nan ta dinga tasowa daga bayan wancan shinge.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar kujera. Bai ce komai ba.

Jocke ya take tsakiya da dukkan ƙarfinsa.

Bazawara ta yi ruri — ta zabura!

"Birki! Birki!"

"Shi nake takawa!"

Ya ƙara dannawa. Kwana ta zo — ta wuce! Katakon gefen hanya ya tarwatse. Na ɗan lokaci babu ƙasa a ƙarƙashinsu, tayoyi huɗu na juyawa a iska, injin na waƙa da muryar da Sixten bai taɓa ji ba. Ya yi mamakin daɗinta.

Tinjim!

Sanyi. Duhu kore. Shiru.

Ylva ce ta jawo Sixten da wuyan riga. Ƙugunsa ya karye, bai iya ko motsi. Melker ya fito da kansa, kafaɗa a goce, yana aman ruwa, ya tarar da ankwa na jiransa a bakin gaɓa. Bindigar ta tafi ƙasa. Jocke bai fito ba. Sitiyarin da ya ƙi saki shi ya riƙe shi, sai da masu ninƙaya suka zo suka ciro gawarsa.

"Kai ka yi!" Melker na ihu ana tura shi mota. "Na gan ka, tsohon banza! Kana kallo!"

Sixten na kwance a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, an lulluɓe shi da bargo, an cire masa hular. Mutanen filin coci sun iso, tsofaffin motoci sun yi layi a gefen hanya, duk an kashe injin. Babu mai kallonsa. Ruwa suke kallo. Daga nan ana iya hango ta a ƙasa, a karkace, fitila ɗaya na kallon sama, mai na tasowa yana yin launuka a kan tafki. Mai gashin bakin nan ya cire hularsa.

Ƙaramar motar Gunvor ta tsaya a baya. Hjalmar ya fito, tawul a ɗaure a goshi, yana takawa a hankali. Ya ratsa mutane har bakin ruwa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya zo ya tsaya a kan Sixten. A hannunsa akwai hular fata, sabuwa, ko takardar shago ba a cire ba.

"Na gane ka tun a yatsa," ya ce. "Ba wanda ke shafa ta haka."

Sixten ya rufe ido.

"Taka ce wannan. Tun watan jiya na saya. Gwiwata ba ta iya wannan taka-taka tata, ni kuma ban iya giyarta ba, ai kana ji. Na zo in ce ka tuƙa ta yau, ni in zauna a gefe in riƙe kofi. Sau uku na zo, maƙwabci."

Ya ajiye hular a kan bargon. Ylva ta yi wa masu ɗaukar gadon alama, suka kama. Hjalmar ya sake juyawa wajen ruwa, ya yi tambayar ba tare da ya kalli kowa ba.

"To in an ciro ta, wa zai gyara ta?"